Ranar Da Jirgi Ke Shiga Teku A Bulukumba

A gundumar Bulukumba da ke kudancin tsibirin Sulawesi a ƙasar Indunisiya, mutanen Konjo na garuruwan Tana Beru da Ara da Bira sun gaji sassaƙar jirgin ruwa kaka da kakanni. A bakin gaɓa suke aikin, dab da gidajensu. Babban masassaƙi, wanda suke kira panrita lopi, ba ya buƙatar zane a takarda; fasalin jirgin duk yana kansa. Sukan fara haɗa allunan jikin jirgi da turakun itace, sannan su dasa haƙarƙarinsa daga ciki.

A wurinsu jirgi ɗa ne da ake haifa. Tun ranar da aka kafa katakon ƙashin bayansa, akan yanke guntu daga gaba a jefa cikin teku, a yanke daga baya a ajiye a gida, domin maigida zai fita nema, iyali kuma suna jiran dawowarsa.

Idan aiki ya kammala, daren jajibirin saukarwa akan taru a karanta Barzanji, wani littafin mauludi, a yi addu'ar neman tsari, a ci abinci tare. Sai a zo ga ammossi, wato huda cibiya. Panrita lopi zai ɗauki kayan aikinsa ya huda ɗan rami a tsakiyar ƙashin bayan jirgin. Daga wannan lokaci jirgin ya bar hannun masassaƙi, ya zama na mai shi. Akan yanka akuya idan jirgin ƙarami ne, saniya idan babba ne.

Washegari ake annyorong lopi, turawa cikin ruwa, kuma aikin gayya ne sosai. Akan jira teku ta cika, a jera gumagumai a ƙarƙashin jirgin, majiya ƙarfi su kama igiya da sarƙa, suna ja da murya ɗaya, mata na ta hidimar girki. Babban jirgi kan ɗauki kwanaki kafin ya taɓa ruwa.

Galibi sai ya zauna daram a kan ruwa ake kafa masa dogayen sanduna biyu, a ɗaura igiyoyi, a rataya yaduka bakwai masu kama iska. Wannan tsarin ɗauri shi ne ainihin abin da ake kira pinisi.

A 2017 UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin gadon al'adun duniya. Sai dai yau inji ya maye gurbin iska a yawancin jiragen, itacen kirki kuma yana ƙaranci. Ilimin da ke zaune a kan dattawa ba ya tsira sai da almajirai, don haka wajibi ne matasan Bulukumba su zauna gaban iyayensu su koya tun suna raye.