JAMI'A DA ZAUREN HAKIMI
Bayani a kan Renon Shugabannin Gobe da Tsaron Zaman Lafiya

Kasuwa Ita Ce Ma'auni

Wanda duk yake son ya san lafiyar ƙasar Katsina, ba sai ya zaga gunduma gunduma ba. Ya isa ya shiga Babbar Kasuwa ya dubi rumfunan 'yan hatsi. In hanyoyin Jibiya da Batsari da Safana suna lafiya, zai tarar gero da dawa sun cika buhuna, fataken Maraɗi suna sauke kaya, 'yan dako ba su da lokacin zama. In kuwa manoma sun gudu sun bar gonakinsu, to, tiya ce za ta fara ba da labari, don kuɗinta za su hau tun kafin takardar dagaci ta iso gaban hakimi.

An ga haka a shekarun nan da ɓarayin daji suka addabi ƙasashen da ke gefen dajin Rugu. A watan Disamba 1920 ba wanda zai yi mafarkin abin da ya auku shekara ɗari bayan nan, watau a Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara. A 2021 sai da Gwamnati ta rufe waɗansu hanyoyi, ta hana cinikin dabbobi a waɗansu kasuwanni, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi da dama. Abin lura shi ne, galibin masu riƙe da bindigogin samari ne, galibin waɗanda aka cuta kuma samari ne da iyalansu. Saboda haka maganar zaman lafiya maganar samari ce, kuma dole a tambaya: wa zai rene su, a ina?

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Renon shugabanni ta hanyar ilmi ba baƙon abu ba ne a Katsina. Hasumiyar Gobarau shaida ce ta zamanin da almajirai ke zuwa birnin daga nesa neman karatu, zamanin da ya haifi malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina.

A 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horon malaman makaranta. Aka tattaro yara daga lardunan Arewa, wannan daga Sakkwato, wannan daga Bauchi, wancan daga Barno ko Bida. Suka kwana wuri ɗaya, suka ci abinci tare, aka ɗora wa manyansu kula da ƙananansu. Daga cikinsu aka sami Alhaji Ahmadu Bello, wanda ya zama Hakimin Rabah a 1934, daga baya Sardaunan Sakkwato, kuma Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya daga 1957, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam, da Isa Kaita. Da mulkin kai ya gabato, mutanen nan ba su buƙaci a gabatar da wani ga wani ba, don sun san halin juna tun suna yara. An mai da kwalejin Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Cikin makarantun da aka haɗa aka yi ta har da Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, inda hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e suka riƙa zuwa kwas. Ashe tun ran farko jami'a da zauren hakimi ba bare ba ne ga juna.

Yau Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana da jami'o'i nata. Akwai Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. 'Ya'yan manoma da 'ya'yan 'yan kasuwa su ne suka cika su.

Abubuwa Uku Da Jami'a Ke Bayarwa

Na fari, cuɗanya. Ɗan makiyayi da ɗan manomi, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe, sukan zauna benci ɗaya shekara huɗu ko fiye. Wanda ya ci tuwo kwano ɗaya da mutum, da wuya a zo daga baya a gaya masa cewa mutumin nan dodo ne ya yarda. Wannan dalili ne ya sa Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa a 1973, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, don a tura wanda ya gama jami'a ya yi shekara guda cikin mutanen da ba nasa ba.

Na biyu, koyon ɗaukar nauyi. Ɗalibai suna da ƙungiyoyinsu, suna zaɓen shugabanni, suna riƙon kuɗin ƙungiya, suna kai kukan 'yan'uwansu gaban hukumar makaranta. A nan yaro yake koyon cewa wanda ya faɗi zaɓe ba abokin gaba ba ne, kuma wanda aka ba ajiya zai yi bayaninta. Har wa yau Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanya darasin zaman lafiya da sasanta rikici cikin darussan da ake koya wa ɗalibai gaba ɗaya, ko likita mutum zai zama ko injiniya.

Na uku, bincike. Hakimi ya san rigimar gona in ta zo gabansa, amma jami'a tana iya auna yadda burtali ya tsuke cikin shekara talatin, da yawan mashayar da ta ƙafe, da labin da aka nome. In an san tushen ciwo, magani ba ya wuya.

Ga misali ɗaya na amfanin wannan reno. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina, ya yi karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar, ya yi Gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, sa'an nan ya zama Shugaban Ƙasa. A 2009 ya yi wa samarin yankin Neja Dalta masu ɗauke da makamai afuwa bisa sharaɗin su ajiye su, aka tura da yawansu koyon sana'a, fitinar ta lafa.

Abin Da Jami'a Ba Ta Iyawa Ita Kaɗai

Amma kada a ɗauka takardar digiri laya ce. Ilmi wuta ne, yana dafa abinci, yana kuma cin gida. A watan Mayu 1966 zanga-zangar ƙin Dokar Soja ta 34, wadda ɗalibai suka shiga a Zariya, ta rikiɗe ta zama tarzoma a garuruwan Arewa da dama, har da Katsina, aka yi asarar rayuka masu yawa. Saurayi mai ilmi, mai fasahar magana, wanda ba shi da aikin yi kuma ba mai sauraronsa, shi ne ya fi sauƙin shiga hannun masu neman 'yan bangar siyasa.

Abin da ɗalibi ya rasa shi ne ganin yadda ake yin sulhu da ido. A littafi ya karanta ƙa'idodinsa, amma bai ga yadda Sarkin Kasuwa ke raba dillali da mai kaya ba, ko yadda dagaci da arɗo ke zagaya gonar da shanu suka yi wa ɓarna su ƙiyasta diyya, kowa ya tashi bai ji an ci mutuncinsa ba. Wannan ilmi a zaure yake da rumfar kasuwa, ba a aji ba. Ko da yake gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ragamar mulki daga hannun En'e, har gobe ƙofar mai unguwa da dagaci da hakimi talaka ke fara ƙwanƙwasawa in rigima ta tashi.

Duniya ma ta gane haka. A Disamba 2015 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da Ƙuduri na 2250, wanda ya nemi a sa samari cikin shawarwarin zaman lafiya. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Watau saurayin da ke taya mahaifinsa tsaron rumfa a Babbar Kasuwa lokacin hutu, yana iya zama mai yin doka kafin furfura ta fito masa. Tambayar ita ce ko zai kai can da tarbiyya ko babu.

Abin Da Ake Fata Daga Hakimai Da Malamansu

1. Malamin hakimi ya buɗe littafi ya rubuta sunayen 'ya'yan gunduma, maza da mata, da ke jami'a, da abin da kowa ke karantawa.

2. In an yi hutu, hakimi ya kira su su gaishe shi, ya ji ta bakinsu. In za a yi zaman sulhun da ba na sirri ba ne, a bar biyu ko uku su zauna gefe su saurara.

3. A ba su aiki na gaske, ko da ƙarami ne, kamar rubuta yarjejeniyar sulhu, ko zana taswirar burtali, ko koya wa yaran kasuwa karatu da lissafi da yamma.

4. In malaman jami'a sun zo bincike, a karɓe su, a haɗa su da dattawa, a kuma nemi su dawo su bayyana abin da suka gano da Hausa a gaban jama'a.

5. Kada a fifita ɗan sarauta a kan ɗan talaka, ko ɗan gari a kan ɗan ruga. Kada kuma a mance da samarin da ba su je makaranta ba, don su ne suka fi yawa, kuma abokan wasan ɗaliban ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'a tana da littafi, hakimi yana da sanin mutane, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In biyun nan suka haɗu a kan yaro guda, za a ga alamarsa a kasuwa, ranar da manomin Batsari zai kawo hatsinsa da safe ya koma gida da yamma ba fargaba. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.