Sunan makarantarmu ta Jos, sai a Kuala Lumpur na san mai shi

Shekara shida na yi a kwalejin St. Murumba da ke Jos, ni da wasu 'yan'uwana Musulmi muna zaune aji ɗaya da Kiristoci, amma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar waye Murumban ba. A zatona wani Bature ne cikin fada-fadan da suka kafa makarantar.

Sai ga shi ran nan muna shan shayi a wani shagon cin abinci kusa da Masjid Jamek, ni da wani abokin karatuna ɗan Uganda, ɗan ɗariƙar Katolika, na ambaci sunan makarantar. Ya ajiye kofi ya ce, "Kai, maimaita!" Na maimaita. Ya ce ai mutumin ƙasarsu ne, Matthias Kalemba Mulumba, wanda ake kuma kira Murumba. Wallahi kunya ta kama ni.

Ga yadda abin ya faru. Tsakanin 1885 da 1887, Sarkin Buganda Mwanga na Biyu ya sa aka kashe Kiristoci 45 da aka san sunayensu, 22 'yan Katolika, 23 'yan Angilika. Da yawansu samari ne masu hidima a fada. Sarki na ganin sabon addinin ya raba masa kan fadawa, ga Turawa na ta matsowa ƙasar, ga yaran sun fara ƙin biya masa buƙatarsa ta lalata. Ranar 3 ga Yunin 1886 aka ƙona da damansu a Namugongo, ciki har da jagoransu Charles Lwanga da Kizito, yaro ɗan kimanin shekara 14.

Shi Mulumba dattijo ne, ya kai wajen shekara 50, yana taimaka wa wani hakimi a shari'a. Bai ma kai Namugongo ba. A Kampala aka daddatse masa gaɓoɓi aka bar shi nan, sai bayan kwanaki rai ya yi halinsa. Wannan sunan ne muke ta rerawa a filin ƙwallo ba mu sani ba.

A 1964 Fafaroma Paul na Shida ya sanya 22 ɗin cikin waliyyan cocin, ya kuma je Uganda a 1969. Majami'ar da aka gina a Namugongo siffar bukka gare ta, tana tsaye kan ginshiƙai 22. Ranar 3 ga Yuni hutu ce a ƙasar, masu ziyara na takowa da ƙafa har daga Kenya da Tanzaniya. Akwai jami'a mai sunan shahidan a Nkozi. Mu ma a Najeriya ƙungiyar Knights of St. Mulumba tana nan tun 1953.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Abokina ya ce, "To ku ma ai kuna da naku a can." Ashe wajen shekara goma kafin wannan, mahaifin Mwanga, Mutesa na Ɗaya, ya sa an kashe samari Musulmi da dama, saboda sun ƙi bin sa sallah, sun kuma ƙi cin yankan fada, don ba a yi wa sarki da mahautansa kaciya ba. Akwai masallaci a Namugongo da ake tunawa da su. Ni da ke karatu a jami'ar Musulunci ta Gombak, daga bakin Kirista na fara jin wannan.

Lahadin da ta biyo na raka shi cocin St. John da ke Bukit Nanas. Ban shiga ba, na zauna a inuwa ina kallon jan ginin makarantar St. John da ke kusa, wadda aka buɗe tun 1904. Da aka tashi, 'yan Afirka suka cika harabar. Wata baiwar Allah 'yar Kaduna ta ji ina waya da Hausa, ta ce, "Sannu ɗan'uwa, daga ina?" Hira ta kai mu kan shahidan Uganda, sai ta ce ba sai an je nesa ba, ta ambaci Michael Nnadi, ɗalibi ɗan shekara 18 da aka sace daga makarantar horar da limaman coci ta Good Shepherd a Kaduna cikin Janairun 2020, aka kashe shi. Na ce Allah ya kyauta, don ban san me zan ƙara ba.

Da dare na kira mahaifina a Jos, wanda shi ya kai ni makarantar da hannunsa, na tambaye shi ko ya san waye Murumba. Ya yi shiru, can ya ce, "Ba Bature ba ne?"