Yadda Ake Ƙara wa Mota Mai Ɗaki Ma'ajiyar Kaya Daga Waje

Idan ka taɓa shiga ƙaramar bas irin Hiace, to ka riga ka san girman motar da za mu yi magana a kanta. A ƙasashen Turai mutane da yawa sukan cire kujerun bayan irin wannan mota, su sa gado da murhun gas da ɗan firji da tankin ruwa, ta zama ɗaki mai tafiya. Da ita iyali ke fita hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Abin ya daɗe: tun 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara shirya wa bas ɗin Volkswagen kayan ɗaki, a 1988 kuma aka fito da samfurin da ake kira California, wanda har yau ana ƙera shi. Masu son wadda ta fi wannan girma sukan nemi Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter ko Ford Transit.

Duk wanda ya mallaki irin wannan mota, ba a daɗewa sai ya fara kukan ƙarancin wuri. Gado ya ci rabi, kicin ya ci sauran. Ina za a sa kujerun naɗewa da tebur, da takalman da suka kwaso taɓo, da doguwar wayar jona lantarki, da kekunan yara, da abin gasa nama mai toka? Ba wanda ke son ya kwana da waɗannan a kan gadonsa. Daga nan sai ido ya koma waje, inda wurare huɗu ne kawai: saman mota, bayanta, ƙarƙashinta, sai kuma tirela da za ta ja. Za mu bi su, amma akwai abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin komai a kansa ya rataya. Akwatin da ka ɗaura a waje wuri yake ƙara maka, ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Hasali ma ragewa yake yi, tunda shi kansa akwatin kaya ne.

Saboda haka ba a shagon akwatuna ake fara wannan aiki ba, a jikin motar ake farawa. Buɗe ƙofar gaba ka duba ginshiƙin da take rufewa a kansa, ko ka ɗaga murfin inji, za ka ga wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya liƙa. A motocin Turai akwai lambobi huɗu a jere, duk da kilo. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, har da kai direba. Na biyu, iyakar nauyinta idan an haɗa da tirela. Na uku, abin da ƙafafun gaba za su iya ɗauka, na huɗu kuma na ƙafafun baya. A Volkswagen Transporter sunan motar ma yakan faɗa maka: T28 kilo 2,800, T30 kilo 3,000, T32 kilo 3,200. Manyan motocin kuma yawanci a 3,500 ake tsayar da su, ba don wani abu ba sai don lasin tuƙi na gama-gari a Turai nan ya tsaya. A Birtaniya ma, wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairu 1997 zuwa yau, sai ya nemi ƙarin lasisi kafin ya tuƙa wadda ta haura haka.

Ka san iyaka ke nan, saura ka san inda kake. Wannan ba a yin sa da ƙiyasi. Ka cika tankin mai da na ruwa, ka loda kayan da ka saba tafiya da su, kowa ya shiga ya zauna, ka kai motar babban sikelin da ake auna motocin dakon kaya. Ka roƙi mai sikelin ya auna ta sau uku: dukanta, sannan ƙafafun gaba kaɗai a kan sikeli, sannan na baya kaɗai. A nan mutane kan sha mamaki, don ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cif, tanki mai lita 80 kuwa nauyin ƙaton mutum ke nan zaune a mota kullum. A ce farantinka ya ce 3,000, sikeli ya nuna 2,850. To kilo 150 ya rage maka a duniya, kuma daga cikinsa za ka cire nauyin akwati da ƙarafunan da za su riƙe shi kafin ka sa ko da cokali.

Me ya sa aka ce a auna gaba daban, baya daban? Ka tuna amalanke. Idan aka jibga buhuna a can ƙarshen baya, bayan ƙafafu, gaban yakan ɗaga har ya nemi ɗaga dabbar da ke ja; ƙafafun sun zama wurin da katakon ke lilo a kansu. Mota ma haka take, ƙafafun bayanta ne wurin lilon. Duk kayan da ya zauna a bayansu yana danna baya fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba.

Bari mu lissafa, ba wuya. A gajeren Transporter, tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 3 ne. A ce ka ɗaura akwati a baya, shi da kayansa kilo 60, kuma tsakiyarsa na da nisan mita ɗaya da rabi daga ƙafafun baya. Nisan akwatin daga ƙafafun gaba ya zama mita 4.5. Ka ninka 60 sau 4.5, ka samu 270, ka raba da 3, ka samu 90. Wato kilo 60 ka ɗora, amma ƙafafun baya kilo 90 suke ji. Daga ina ƙarin 30 ɗin ya fito? Daga gaba aka kwashe shi. Ƙafafun gaba sun yi sauƙi da kilo 30. Su kuwa ƙafafun gaban nan su ne ke juya mota, su ne ke yin mafi yawan aikin birki, kuma a Ducato da yawancin Transporter su ne inji ke juyawa. Shi ya sa motar da aka cika wa baya za ka ji sitiyarinta ya yi sakwa-sakwa, fitilunta na haska idon masu tahowa, in ta zo hawan tudu a jiƙaƙƙiyar ciyawa tayoyin gaba su yi ta sulɓi. Kuma ka lura, mai yiwuwa ne jimlar nauyinka ba ta kai iyaka ba, amma ƙafafun baya sun riga sun wuce tasu. Wuce kowace daga cikin iyakokin nan biyu laifi ne a wurin masu duba motoci a hanya.

Duk da haka, a ganina baya ne ya fi dacewa ga yawancin mutane. Hannu na kaiwa ba sai da tsani ba, kuma akwatin na fakewa a bayan mota, iska ba ta dukansa sosai. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗora shi kan ƙarfen jan tirela, domin wannan ƙarfe a shasi aka ɗaure shi, ba a kwanon jikin mota ba. Shi ma yana da iyakar nauyin da zai danna shi daga sama, a rubuce a jikinsa. A Transporter kilo 100 ne. Kamfanoni irin su Thule na Suwidin da Fiamma na Italiya suna sayar da akwatuna da mazauninsu a shirye. Ka nemi wanda ke buɗewa gefe ko ya karkata baya, in ba haka ba duk lokacin da kake son buɗe ƙofar baya sai ka sauke kaya tukuna, kuma wanda ya yi haka sau biyu cikin ruwan sama ba sai an yi masa bayani ba. Akwai masu rataya akwati a jikin ƙofar bayan kanta. Yana yiwuwa idan abin mara nauyi ne, kuma mazaunin ya kama ta wajen hinji, amma ƙofa don buɗewa da rufewa aka yi ta. In ta daɗe tana ɗauke da kaya a gargada sai ta sauka, ta fara shigar da ƙura da ruwa.

Abu biyu kada ka manta a baya. Idan akwatin ya tare lambar mota ko fitilu, dole a sa wasu a jikinsa, a jona su da soket ɗin tirela, don na bayanka ya ga birki da sigina. Sannan kowace ƙasa da dokarta kan kayan da ya zarce jikin mota. A Italiya, misali, ana liƙa masa allo mai ratsin ja da fari, santimita 50 kowane gefe. Ka kuma duba inda bakin salansa yake hura hayaƙi, don zafinsa na narkar da akwatin roba.

Yanzu mu hau sama. Rufi ne ya fi jan hankali, fili ne fetal ba kowa, amma shi ne ya fi tsada a ɓoye. Na farko, abin da aka yarda ya ɗauka kaɗan ne. Rufin California mai ɗagawa kilo 50 ne iyakarsa, kuma akwati da sandunansa za su iya cinye kusan rabi. Kada ka ce ai mutum biyu sun taɓa tsayawa a kai bai lotsa ba. Mota a tsaye daban, mota a guje daban. Idan ta faɗa rami ko ka taka birki da ƙarfi, kayan na fizgar rufin da ƙarfin da ya wuce nauyinsu nesa ba kusa ba. Lambar da kamfani ya bayar ta tafiya ce. Na biyu, nauyi a sama yana sa mota ta riƙa kwanciya a kwana, iskar gefe ko wucewar babbar mota ta riƙa tura ta. Na uku, mai. Turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa, don haka akwatin da ba ka jin sa a cikin gari a babbar hanya yana shan manka, ko da ba komai a cikinsa.

Na huɗu shi ne tsawo, kuma a Turai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wuraren ajiye motoci da yawa, musamman na ƙarƙashin ƙasa da na bakin teku, suna da sandar ƙarfe a gicciye a ƙofa, wajen mita 2 daga ƙasa. California kuwa kaɗan ta gaza mita 2, da gangan aka yi ta haka. Ka ɗora mata akwati, duk waɗannan ƙofofi sun rufe maka. Jiragen ruwa masu tsallakar da motoci, kamar na Dover zuwa Calais, su ma sai ka faɗa musu tsawon motarka da tsayinta har da abin da ka ɗaura. Dabarar da masu motocin ke yi mai sauƙi ce: bayan an gama ɗaurawa a auna da tef daga ƙasa zuwa ƙololuwa, a rubuta a takarda, a liƙa kusa da sitiyari. Sama wurin kaya mai girma ne mara nauyi, irin barguna da tanti da kujerun naɗewa.

Ƙarƙashin mota akasin rufi ne. Nauyi a nan yana zaunar da mota daram, shi ya sa ake mayar da tankin ruwa can, a samu wurinsa a ciki. Amma wurin ƙanƙane ne, ga laka, ga gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin sanyi mai cinye ƙarfe, kuma kada akwatin ya sauko ƙasa da sauran ƙarafunan motar har ya riƙa karo da tudu. Tirela kuwa ita kaɗai ce ke ƙara maka nauyin da za ka iya tafiya da shi, tunda tana da ƙafafunta. Wadda ba ta wuce kilo 750 ba ba ta bukatar birkin kanta. Farashinta shi ne jinkiri da wahalar ribas: a Jamus mai jan tirela kilomita 80 a awa ne iyakarsa sai in ya sami izini na musamman na 100.

Idan aikin ya kai ga huda jikin mota, a yi a tsanake. Kwanon siriri ne, noti kaɗai zai yage shi da jijjiga, don haka a sa faffaɗan ƙarfe ta ciki ya raba nauyin. Kafin huji a leƙa bayan wurin, kada a sami waya ko bututu. Bayan huji a share garin ƙarfen tas, domin kowace 'yar ƙwaya da ta kwanta a fenti tabon tsatsa ne nan da 'yan kwanaki. A shafa wa bakin ramin fenti, a toshe da gam mai hana ruwa irin Sikaflex. Inda alminiyam zai haɗu da baƙin ƙarfe a sa roba a tsakani, don in ruwa ya shiga tsakaninsu ɗaya yakan ci ɗaya. Tukunyar gas kuwa, in a akwatin waje za ta zauna, a tsaye za a ɗaure ta, kuma a bar huji a ƙasan akwatin, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake taruwa.

Wajen lodi, mai nauyi ya zauna a ciki, a ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Mai datti da mai jiƙa da mai cin wuri su fita waje. Kwamfuta da takardu da kuɗi ba sa zama a akwatin waje ko da kwaɗo biyu ka sa masa. Ka sanar da kamfanin inshora abin da ka ƙara wa motar, ka daidaita iskar tayoyi da lambar da aka rubuta ta cikakken lodi, ka sake komawa sikeli a auna gaba da baya. A tafiyar farko, bayan kamar kilomita 50, ka tsaya ka bi notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, don sabon ɗauri yakan saki da jijjigar farko.