Finafinan Kerala da 'yan kasuwar mu'ujiza

Da an ce fim ɗin Indiya, rawa da waƙa ke faɗo wa yawancinmu a rai. Amma a jihar Kerala da ke kudancin ƙasar, masu shirya fim da harshen Malayalam sun daɗe suna tona asirin masu ci da addini.

A Ekalavyan na 1993, ɗan sanda ya bankaɗo wani shehin Hindu da manyan 'yan siyasa ke ɗaure wa gindi, ashe dillalin ƙwaya ne. A Trance na 2020 kuwa, Fahadh Faasil ya fito a matsayin matashin da wasu attajirai suka ɗauka haya, suka koya masa warkarwar bogi, ya zama fasto mai tara dubban jama'a. Wani talaka ya dogara da shi, bai kai 'yarsa asibiti ba, yarinyar ta rasu.

Darasin ɗaya ne: kowane addini na da irin waɗannan, kuma talaka ke kwana a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin fasto ko "malam" na tallar maganin kuɗi a talabijin ɗin Akara, ya san zancen.