FUSKAR GINI DA RANAR SAKKWATO: ME KWAMFUTA ZA TA YI MANA?

Duk wanda ya taɓa zama cikin majami'a a Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu ba ya bukatar a gaya masa ma'anar zafi. A watannin bazara zafin garin nan yakan wuce digiri 40. Kwano ya ɗau zafi a sama, bango ya ɗau zafi a gefe, in kuwa aka ɗauke wuta sai kowa ya koma ga mafici.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen nan shi ne, kwanakin baya an kawo wa kwamitinmu na gini zanen sabon ɗakin taro. Zanen ya yi kyau ainun, fuskar ginin duk gilashi ne, amma tana duban yamma. Wani dattijo, tsohon magini, ya duba ya ce, "'Ya'yana, wannan ai tanderu ne." Mai zanen bai yi musu ba. Ya buɗe kwamfutarsa, ya sauya lamba biyu ko uku, nan take fuskar ginin ta sāke. Wannan dabara muke so mu bayyana wa masu karatu, domin kuɗin gini gumin jama'a ne.

Yadda abin yake

A dā mai zanen gine-gine yakan zana kowace taga da hannu. In aka sāke shawara, sai ya goge ya soma daga fari. Sabuwar hanyar, wadda za mu kira zane mai bin ƙa'ida, ta bambanta. Mai zane ba ya zana tagogi ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'ida yake ba kwamfuta. A misali ya ce mata: inda rana ta fi bugun bango, huji ya zama ƙarami, inuwar samansa ta ƙara tsawo, inda rana ba ta kaiwa, huji ya buɗe domin iska da haske. Daga nan kowane awo yana ɗaure da ɗan'uwansa. In aka ƙara tsawon bango, yawan bulo da faɗin taga da lissafin siminti duk za su bi, kamar yadda tela yakan ƙara faɗin kafaɗa hannun riga ya bi.

Ɗaya daga cikin manhajojin da aka fi yin aikin nan da su ita ce Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙiro, ta fito a 2007, tana aiki cikin wata manhaja mai suna Rhino. Akwai kuma Dynamo, mai aiki tare da Revit.

Inda aka gwada

A birnin Basalona na ƙasar Sifen akwai majami'ar Sagrada Familia, wadda aka soma gininta a 1882. Mai zanenta, Antoni Gaudi, ya rasu a 1926, a 1936 kuma aka ƙone ɗakin aikinsa, siffofin ginin da ya ƙera suka farfashe. Waɗanda suka gaje shi, cikinsu har da Mark Burry mutumin Niyu Zilan, sun bi gutsattsarin suka gano ƙa'idodin lissafin da ya bi. A shekarun 1990 suka sa su cikin irin manhajar da ake zana jiragen sama da ita, aiki ya ci gaba.

Misalin da ya fi kusa da damuwarmu shi ne tagwayen benaye na Al Bahr a Abu Dabi, da aka gama a 2012. An lulluɓe gilashinsu da wani irin asabari mai gaɓoɓi fiye da 1,000 a kowane bene, suna buɗewa suna rufewa bisa ga tafiyar rana.

To, sai dai mu yi hattara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Asabari mai motsi yana bukatar wuta kullum da injiniya a kusa. Ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ma kaɗai ta isa ta cushe gaɓoɓinsa. Abin da za mu ɗauka daga can lissafin ne, ba injin ba.

Ba baƙon abu ba ne

Tun da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, maginan ƙasar Hausa da ƙa'ida suke aiki, ko da yake a ka take, ba a takarda ba. Bangon tubali yakan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yana hawa. Tsawonsa ke yanke kaurinsa. Azarar giginya ba ta ɗaukar rufi mai nisa fiye da wajen ƙafa 6, saboda haka in ɗaki ya yi faɗi sai a yi bakan gizo. Taga kuwa ƙarama ce, tana can sama. Da irin wannan sani ne Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim. Awo ɗaya yana jan wani. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri, da ikon gwada zane ɗari kafin a aza bulo ɗaya.

Ranar Sakkwato

Garinmu yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Rana takan tsaya daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin lokutan nan tana ɗan karkata arewa, sauran shekara kuma tana kudu. Don haka 'yar rumfa bisa taga ta isa ta kāre bangon kudu da na arewa. Gabas da yamma ne matsala, domin da safe da la'asar rana tana ƙasa, tana shiga kai tsaye. Gabas kuma nan ne hadari ya fi bugowa da damina.

Duk wannan ana iya sa shi cikin manhaja, ta nuna inuwar kowace sa'a a kowane wata. Abin da zai fito ba lalle ya zama mai tsada ba. Bulo mai huji da masu buga bulo suke yi a unguwanninmu ya isa, in aka san girman hujin da inda za a jera shi. Ana ma iya jera shi ya ba da siffar dagi.

Shawara ga kwamitocin gini

Kafin ku sa hannu a kan zane, ku tambayi mai zanen abu uku. Na fari, ina doguwar fuskar ginin take duba? Na biyu, ya nuna muku inuwar bangon yamma da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu. Na uku, maginin garinmu zai iya aza abin da aka zana da kayan da ke kasuwarmu? Ku kuma zo da tsohon magini wurin zaman, domin kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. In aka ba ta awon banza, zane mai kyau na banza za ta fitar.

Mu dai namu ɗakin taron an juya shi, gilashin ya ragu, bulo mai huji ya hau bangon yamma. Gyara a takarda ya fi rushe bango sauƙi. Allah ya ba shugabanninmu hikimar riƙon amanar jama'a.