Mulkin Masu Hannu da Shuni: Abin da Ya Sami Unguwar Tremont

Fiye da shekara 2,000 da suka shige, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya bayyana wani irin mulki inda 'yan tsirarun mawadata ke juya al'amuran ƙasa don amfanin kansu. Watakila mai karatu ya zaci irin wannan ba ya yiwuwa a inda ake jefa ƙuri'a. To, sai mu leƙa Tremont, wata unguwar talakawa a gundumar Bronx ta birnin New York a Amurka.

A cikin shekarun 1950 aka ratsa gabashin unguwar da babbar hanyar mota da ake kira Cross Bronx Expressway. Mai aikin shi ne Robert Moses, ɗan gidan masu dukiya, wanda jama'a ba su taɓa zaɓensa ba. Da ya nemi gwamna a 1934 ma kaye ya sha. Ƙarfinsa ya dogara ne kan kuɗin fiton gadoji, da kuma manyan bankunan da ke ba hukumarsa rance. Mazauna suka roƙa a karkata hanyar kaɗan zuwa gefen dandalin Crotona, ya ƙi. Iyali 1,530 aka tasa daga gidajensu saboda mil ɗaya tak na hanya.

Abin da ya fi wannan ya zo a 1975, sa'ad da bashi ya yi wa birnin katutu, bankuna kuma suka ƙi ƙara masa rance. Sai gwamnan jihar, Hugh Carey, ya sa aka kafa hukuma mai mutum 7 wadda za ta sa ido kan kasafin kuɗin birnin. 3 daga cikinsu shugabannin manyan kamfanoni ne. Wani ɗan banki, Felix Rohatyn, shi ne kan gaba wajen tsara biyan bashin. Aka sallami dubban ma'aikata, har da 'yan kwana-kwana, a daidai lokacin da gobara ke cinye kudancin Bronx. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tashi daga santi 35 zuwa 50. A 1976 kuma jami'ar birnin, wadda 'ya'yan talakawa ke karatu a cikinta kyauta, ta fara karɓar kuɗi.

Gaskiya ne birnin ya tsira daga tsiyacewa, kuma bashin ba ƙage ba ne. Amma masu bin bashin suna da bakin magana a inda aka yanke shawara, mutanen Tremont kuwa sai dai suka ji sakamako.

Daga baya attajirai ba su tsaya a bayan fage ba. Michael Bloomberg ya riƙe magajin gari daga 2002 zuwa 2013. A 2008 ya sa majalisar birnin ta sauya dokar da ta hana zarce wa'adi biyu, sa'an nan a zaɓen 2009 ya kashe fiye da dala miliyan 100 daga aljihunsa. Duk da haka, tazarar da ya ba abokin takararsa, William Thompson, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.