Injin da ke jera motoci bisa juna: ko zai yi a Yamai?

Duk wanda ya bi ta Babbar Kasuwa ko Katako da hantsi ya san abin da muke nufi. Motoci sun cinye bakin hanya, taksi bayan taksi, mai amalanke na neman inda zai kutsa, mai tafiya ƙasa kuma an turo shi tsakiyar kwalta. An yi gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta Diori Hamani a 2018, an buɗe gada ta uku kan kogin Isa a 2021. Duk waɗannan na motar da ke tafiya ne. Wadda ta tsaya fa?

Ƴan uwanmu mazauna ƙetare sun saba ganin dabarar da wasu birane suka yi: tunda ƙasa ta yi kaɗan, sai a hau sama. Mai mota zai shigar da ita kan wani faranti na ƙarfe, ya fita, ya danna maɓalli. Inji ya ɗaga ta, ya kai ta gurbinta, kamar yadda mai shago ke jera kaya a kanta. Ribar ita ce ba a buƙatar hanyar hawa, ko wurin juyawa, ko filin buɗe ƙofa, tunda ba mutum a ciki. Akwai wani iri mai juyawa kamar lilo, wanda ke ɗaukar mota takwas ko fiye a filin mota biyu.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1905 aka yi irinsa a birnin Paris na Faransa, yau kuma Japan ta cika da su. A Jamus, kamfanin Volkswagen na da hasumiya biyu a garin Wolfsburg, kowace na ɗaukar sababbin motoci 400.

To amma fa inji da wuta yake aiki. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana lantarki, ko yadda NIGELEC ke rarraba wuta unguwa-unguwa da bazara. A ce motarka na hawa na shida, wuta ta tafi, ga marar lafiya a gida. Sai janareto, shi kuma sai mai. Ga ƙurar hunturu da ke shiga sarƙa da giya, ga zafin da ke wuce digiri 40, ga kayan gyara da sai an yo odarsu daga waje. Ko a Amurka, a garin Hoboken, motocin jama'a sun maƙale a irin wannan gini a 2006, don kawai hukumar gari da kamfanin da ya kafa injin sun yi saɓani.

A ganinmu, inda zai iya yi shi ne bankuna da manyan otal na unguwar Plateau, masu janaretonsu da ma'aikatan gyara, su ma ƙaramin iri, mota ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wanda ke ƙetare yana tunanin zuba kuɗinsa nan, ya fara tambaya: wa zai gyara in ya tsaya, kuma nawa mai mota zai yarda ya biya alhali bakin hanya ya fi masa araha?

Kasuwa kuwa lissafinta dabam. Abin da ke toshe ƙofofinta taksi ne mai sauke fasinja, da motar da ke sauke buhuna, da babura, kuma ba ɗaya cikinsu da zai hau faranti ya jira.